Ragon Layya da Gilashin Kantina

Ni na fara ganinsa. Kafin mutanen Gyaɗi-Gyaɗi, kafin na Tarauni, kafin ma shi Mu'azun da ya saya, idona ne ya fara sauka a kan gilashin nan. Na je tashar jirgin ƙasa karɓar kayana da suka zo daga Ikko, kwanuka da tasoshi da fitilun ƙwai, sai na tarar da lebura sun kewaye wani akwatin katako. Tsayinsa ya fi mutum, faɗinsa kamar bangon ɗaki, amma kaurinsa bai wuce na katifa ba. Suna ta gardama, wasu na cewa a kwantar da shi, akawu na cewa an rubuta a jiki kada a kwantar. Na sa ido tsakanin katakai, na ture ciyawar da aka cusa, na hango gefen wani abu kore-kore kamar ruwan tafki. Na ce musu gilashi ne. Suka yi mini dariya, wai ina aka taɓa gilashi kamar bango. Na tambayi akawu na wane ne. Ya ce na wani Alhaji Mu'azu ne, Gyaɗi-Gyaɗi.

Mu'azun nan ni na kawo shi Kano. Daga ƙauyenmu na ƙasar Rano ya biyo ni da riga ɗaya, a zaurena ya yi kwanan farko, a kantina ya koyi yadda ake yi wa mai saye murmushi. Ni ban shiga makarantar boko ba, shi kuwa ya ɗan leƙa, to sai me? Duk abin da ya sani na kasuwa daga bakina ya ɗauka. Da shekarar Udoji ta zo, ma'aikata suka sami kuɗi suka rasa inda za su kai, sai ya fita daga harkar kwano ya koma sayar da rediyo da fanka da firji. Ya kama kanti a tsallaken titi, daidai saitin nawa, a hanyar gidan zu. Kafin in ankara ya riga ni zuwa Makka. Har gobe idan ya gan ni Yaya Inuwa yake ce mini, yana rusunawa, kuma rusunawar ta fi komai ba ni haushi.

Duk wannan bai taɓa ni ba sosai, domin ina da abin da ba shi da shi. Majalisar unguwa a ƙofar kantina take tun wajen nan yana gonaki. Da an yi La'asar sai Malam Haruna, dattijon unguwa, ya zo da carbinsa ya zauna, sauran su biyo baya. Inda Malam Haruna ya zauna nan majalisa take. A nan ake sanin wanda zai sayar da fili, a nan ake sasanta maƙwabta, baƙo in ya shigo unguwa nan ake kawo shi ya yi gaisuwa. Mutumin da majalisa ke ƙofarsa ko bai sayar da cokali ɗaya ba ranar, da girmansa yake komawa gida.

Aka kawo akwatin a tsaye a bayan mota. Wanda ya zo kafawa wani mutumin Sabon Gari ne, Obiechina, haifaffen Kano, ya tafi lokacin yaƙin basasa ya dawo bayan an gama, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Ya rushe gaban kantin Mu'azu gaba ɗaya, ya kafa firam na farin ƙarfe, ya jera robobi a ƙasa don gilashin ya hau kansu. Suka manna wasu faifan roba masu hannu a jikinsa, suka ɗaga shi a hankali kamar ana ɗaukar mara lafiya. Da suka gama suka goge, sai abin ya ɓace. Kana tsaye a titi kana ganin fankoki na juyi a ciki, dogayen fitilu farare na ci da rana tsaka, ba ka ganin abin da ya raba ka da su. Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta nufi ciki kai tsaye ta buga goshi, ta tsaya tana shafa iska tana salati.

A ranar, da La'asar, Malam Haruna ya ce, “Inuwa, bari mu tsallaka mu yi wa ƙanenka barka.”

Suka tsallaka. Na zauna ina jiran su dawo har aka kira Magariba. Washegari na fito da benci na shimfiɗa tabarma kamar kullum, na ga Mu'azu ya fito da nasa bencin, sabo, mai majingina. Malam Haruna ya zo ya ɗaga mini hannu daga nesa, ya ce, “Muna zuwa.” Ba su zo ba. Ina zaune ni da tabarmata ina jiyo dariyarsu, mutanen da suka sha ruwan randata shekara da shekaru sun jera a gaban gilashi, rediyo na yi musu labarai daga ciki. Da na koma gida matata Uwani ta ajiye mini tuwo, na ture.

Ta ce, “Malam, titi ne fa kawai tsakaninku. Ka tsallaka mana.”

Na ce, “Kin taɓa ganin rijiya ta bi guga?”

Ta ɗauke kwanonta ta fita.

Ana nan wata rana wani mai keke ya kauce wa mota, birkinsa ya ƙi, ya tafi da gudu ya daki gilashin Mu'azu da ƙafar gaba. Ba zan ɓoye ba, na miƙe tsaye don in gani da kyau. Keken ya lanƙwashe, mai keken ya baje a ƙasa, gilashi ko tsagewa bai yi ba. Majalisa ta ɗauki labarin ta kai Darmanawa, ta kai Babban Giji, mutane suka riƙa zuwa suna ƙwanƙwasa shi da yatsa. Ni kuwa na ce a raina, ashe babban gilashi haka yake da ƙarfi. To in dai saye ake yi, ba Mu'azu kaɗai aka haifa da aljihu ba. Na bi ta gaban kantinsa kamar ina wucewa masallaci, na auna faɗin gilashin da takuna, na riƙe a kaina. Na hau keke sai Sabon Gari.

Na sami Obiechina yana yanka gilashin taga a kan tebur. Na ce ina son irin na Mu'azu, amma ya fi shi faɗi da taku guda, kuma kafin Babbar Sallah.

Ya yi dariya ya ce, “Maigida, Sallah saura 'yan makonni. Irin na Alhaji ba a nan ake yi ba. Sai na auna, na aika awon ƙasar waje, su yanka, su gasa shi a wuta, su huce shi da iska farat ɗaya. Wannan gashin ne ke ba shi tauri. In an gasa kuma shi ke nan, ba mai iya yanka shi, ko ni ko ubangidana. Ka sa masa abin yanka ya tarwatse.”

Na ce, “To ashe yana fashewa.”

Ya ce, “Kowane gilashi yana fashewa. Abin tambaya shi ne yadda yake fashewa.” Ya jawo wani gwangwani ya zuba mini abin ciki a tafin hannu, 'yan tsakuwoyi masu sheƙi kamar gishirin kanwa. “Murza. Ka ga bai yanke ka ba. Gasasshe ke nan, haka yake mutuwa.” Ya ɗago wani tsohon gilashin gaban mota, duk ya tsattsage kamar saƙar gizo amma yana nan a haɗe. “Wannan biyu ne aka manne da leda a tsakiya. Ya fashe, amma ledar ta riƙe shi, ba ya zubowa kan mutum. Akwai kuma mai waya a ciki, na ƙofar ma'aikata, shi ba ya kyan kallo.”

Na nuna wani jibgege da ke jingine a bango, mai kauri, na ce, “Wancan fa?”

Ya ce, “Wancan ɗanye ne. Yana da kauri, yana da kyau, zan iya yanka maka shi yau. Amma in ya fashe wuƙaƙe yake zama, wasu tsawon hannunka.”

Na ce, “A ido, ana bambanta shi da na Mu'azu?”

Ya ce, “A ido, a'a.”

Na ce, “Yanka.”

Ya ajiye abin yankansa ya dube ni. Ya ce, “Zan sa maka, amma da sharaɗi. A yi shingen ƙarfe a gabansa daidai ƙugu, kada komai ya kai gare shi.”

Na ce, “Na Mu'azu yana da shinge?”

Ya ce, “Nasa ba ya bukata.”

Na ce, “To nawa ma ba za a sa masa takunkumi kamar jaki ba. Kowa ya gani ya san na ƙanena ya fi nawa ke nan.”

Muka yi ta ja. A ƙarshe ya ce zai kafa gilashin, shingen kuma bayan Sallah ko ina so ko ba na so, in ba haka ba ya zo ya cire abinsa. Na ce na ji. A raina na ce bayan Sallah ai majalisa ta dawo, sai a yi shingen har da fenti.

Aka rushe gaban kantina, aka kafa. Ranar kowa ya ga taku gudan nan, domin ni da kaina na riƙa nuna wa mutane. Ni ba ni da dogayen fitilu, saboda haka na yi dabarar da Mu'azu bai taɓa tunani ba. Na sayo baƙin yadi na rataya a bayan kayan daga sama har ƙasa, na jera fararen tasoshi da kwanuka masu fure a gabansa. Suka fito kamar taurari. Abin da ban lura ba, in ciki ya yi duhu waje ya yi haske, gilashi madubi yake komawa. Na ga mata suna tsayawa suna gyara ɗaurin kallabi a gabansa, na ɗauka kwanuka suke kallo.

Saura rago. Ku yaran yanzu kuna ɓoye ragon layya a bayan gida. A zamaninmu a ƙofa ake ɗaure shi, a wanke shi da sabulu, a zuba masa harawa da dusa, duk mai wucewa ya gani ya san maigidan. Mu'azu ya ɗaure nasa a gefen kantinsa jikin bishiyar darbejiya, wani matsakaici, ba laifi. Ni na tafi har kasuwar Wudil na zaɓo Balami fari tas, bayansa ya kai ƙuguna, ƙahonsa ya nannaɗe ya sake nannaɗewa. Mai sayarwa ya ce mini, “Ka raba shi da sauran raguna, ba ya son ganin namiji.” Na ce irinsa nake nema. Na kafa turke a tsakiyar ƙofar kantina, na ba shi doguwar igiya don ya riƙa zagayawa a gan shi ta kowane gefe. Rago da gilashi, ido ɗaya ya ɗauke su tare.

Ana jibi Sallah, da La'asar, Malam Haruna ya fito. Ya tsaya a tsakiyar hanya, ya dubi hagu ya dubi dama. Sai ya nufo ni.

Ya ce, “Inuwa, wannan rago ne ko maraƙi?”

Na ce, “Malam, ɗan abin da ya samu ne.”

Ya ce, “Bismillah, kawo tabarmar nan.”

Ya zauna, ya ba gilashin baya, kusa da shi ƙwarai. Sauran suka riƙa tsallakowa ɗaya bayan ɗaya har bencin Mu'azu ya zama ba kowa. Shi ma Mu'azun ya tsallako ya tsuguna a gefe, ya ce, “Yaya Inuwa, Allah ya sa albarka.” Na ce amin, ban dube shi ba. Na aika aka kawo goro. Ban taɓa jin daɗin wata La'asar kamar wannan ba, kuma ba na jin zan sake.

Tun safe ragon yana fuskantar titi yana cin harawarsa. Da mutane suka taru sai wani ya ja tasar dusar ya matsar da ita wajen bango don a sami wurin zama. Rago ya juyo ya bi tasa. Ya ɗaga kai, ya ga wani Balami fari, mai ƙaho irin nasa, yana kallonsa ta bayan kafaɗar Malam Haruna. Ya daina tauna. Ya buga ƙafa, wancan ma ya buga. Ya fara ja da baya.

Duk wanda ya yi kiwo ya san abin da ja da bayan rago ke nufi. Mutanen majalisa suna can suna gardamar ganin wata, ni kaɗai na gani. Igiyar da na tsawaita da hannuna ta ishe shi. Ban tsaya kiran kowa ba, na yi tsalle na ture Malam Haruna gefe, ya mirgina da carbinsa. Rago ya wuce ta gefen ƙafata ya shige cikin gilashin da kai.

Ƙasan ne ya fara fashewa. Na ɗaga kai na ga saman yana nan a rataye, faffaɗa, bakinsa kamar lauje, sai ya sulluɓo. Na kare kaina da hannun dama. Ya tsaga ni daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, wani yanki ya sauka a cinyata, wani ya kafe a tabarmar daidai inda Malam Haruna ke zaune. Ban faɗi ba. Wannan ku rubuta shi da kyau, ban faɗi ba, zama na yi. Na ga farin ƙashina da idona. Ragon yana ciki tsakanin kwanuka yana shure-shure, wuyansa a yanke, aka kira mahauci da gudu ya ƙarasa shi kafin ya zama mushe.

Mu'azu ya warware rawaninsa ya ɗaure mini hannu ta sama, ya ja da haƙori. Ya kinkime ni ya sa a bayan a-kori-kurarsa, ya kai ni asibiti. Aka ce jinina ya ƙare, ya miƙa hannu aka ɗebi nasa. Likitan da ya ɗinke ni ya ce da abin ya matsa kaɗan wajen wuya da sai dai a yi mini sutura. Na ce masa bai san ni ba ne. Na yi Sallah a gadon asibiti, ba layya, domin ragon da aka yanka kafin ranar nama ne kawai. Uwani ta zo da soyayyen nama a kwano, na ci na ƙoshi, sannan ta ce cinyar ragon Mu'azu ce.

Da na fito, labarin ya riga ya zagaye Tarauni, amma ba yadda ya faru ba. Ko'ina Alhaji Mu'azu, Alhaji Mu'azu. Shi ya ɗaure, shi ya ɗauka, shi ya ba da jini. Na tambayi Malam Haruna a gaban mutane, “Malam, wa ya ture ka?”

Ya ce, “Wallahi Inuwa ban gani ba, na dai ji ni a ƙasa. Wasu sun ce ragon ne.”

Ni na zubar da jini, wani ya kwashe yabo. Obiechina ya zo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa yana girgiza kai, ya ce laifinsa ne da ya yarda ya jira bayan Sallah. Na ce kada ya ɗauki abin da ba nasa ba, gilashina ne, ragona ne. Ya ce in ina so ya auna ya aika a gaso mini irin na gaske. Na ce a mayar mini da ƙyauren katako. An gwada ni da gilashi, an ga wanda ya rage.

Na sake fito da tabarma ƙofar kantina. Malam Haruna ya zo, ya dubi ƙyauren katakon, ya dubi inda wuƙar gilashi ta kafe, ya ce gabansa faɗuwa yake in ya zo wurin. Na ce, “Can ɗin da kake zama ai gilashi ne a bayanka.” Ya ce Obiechina ya nuna musu tsakuwar gwangwani, wancan ko ya zubo ba ya kisa. Ya tsallaka, sauran suka bi shi. Majalisa ba ta sake zama a ƙofata ba.

Na daure har damina ta faɗi. Wata La'asar na sa babbar rigata, na kulle kanti, na tsallaka titin. Mu'azu ya miƙe da sauri zai ba ni wurinsa, na ce ya zauna, na sami gefen daman Malam Haruna na zauna. Akwai wani baƙo daga Zariya a wurin, ya ce ya ji an ce rago ya taɓa fasa kanti a unguwar nan. Mu'azu ya buɗe baki. Na riga shi, na naɗe hannun riga har kafaɗa. Baƙon ya zuba wa tabon ido, aka rage muryar rediyo, na fara ba da labarin da bakina. Tun daga ranar duk wanda aka kawo gaisuwa, wajen Mu'azu yake fara miƙa hannu don bencinsa ne, amma wajena yake juyowa ya zauna. Ban ce abin ya daina yi mini zafi ba. Har yau in na ji an ce majalisar Alhaji Mu'azu sai goro ya yi mini ɗaci a baki. Jininsa ma da ke jikina, da ana iya tacewa da na mayar masa da abinsa.

Nasa gilashin ya yi 'yan shekaru, sannan wata tifa ta taka dutse ya yi tsalle ya same shi a gefe. Ya zube gaba ɗaya a bayanmu kamar an juye buhun shinkafa, muna zaune, ko ƙwarzane ba wanda ya samu. Aka share da tsintsiya aka kwashe a kwando. Wannan ne gilashin da aka bar ƙofata dominsa. Nawa da zai tafi sai da ya kashe Balami, ya nemi ya haɗa da ni, ya kasa.

Wanda yake ganin ƙari na yi, Gyaɗi-Gyaɗi ba ta ƙaura ba, ya zo bayan La'asar ya sa yatsa ya bi ɗinkin tun daga kafaɗa. In bai gamsu ba, ya sayi ɗanyen gilashi, ya rataya baƙin yadi a baya, ya ɗaure Balami a gaba da doguwar igiya, ya zauna inda Malam Haruna ya zauna. In ya tashi da ƙafarsa, ya zo mu yi gardama.